Kabejin Ortwin da Na'urar Jiha

A garin Marntal, in aka ambaci Ortwin Rautenberg, abin da ke fara zuwa wa mutum a rai shi ne kabeji, sai kuma gardama. Ya shiga masana'antar dalma yana saurayi, bai fito ba sai da furfura ta gama cin kansa. A bakin tanderu ya yi aikinsa, inda ake narka dalmar da aka ciro daga matattun baturan mota a mayar da ita sanduna. Mahaifinsa ma a nan ya ci abinci. Da ya yi ritaya bai yi nisa ba, domin lambunsa yana cikin jerin ƙananan lambunan da ke jingine da katangar masana'antar, kuma shi ne shugaban ƙungiyar masu lambun. Ba wanda ya taɓa neman kujerar, saboda ba mai ƙarfin jayayya da shi.

Kabejin da yake nomawa koren nan ne mai cukurkuɗaɗɗen ganye, wanda ba a tsinka sai sanyi ya dake shi ya yi zaƙi. Nasa yakan kai ƙugun mutum. Duk hunturu ƙungiyar takan yi walima, a dafa kabejin da kitse da kyafaffen naman alade da dankali, a bi da barasa, sannan a naɗa wanda ya fi kowa ci sarkin kabeji. Ortwin ya sha sarautar har mutane sun daina tafi.

Ƙayar da ke ƙafarsa ita ce Irmela, ƙanwar matarsa Hiltrud. Ta yi aiki a kantin magani har ta yi ritaya, kuma maimakon ta zauna ta huta sai ta kafa ƙungiyar neman iska mai tsabta. Duk Lahadi takan zo shan kofi da kek, kuma kofin ba ya hucewa ba a fara gardama ba.

"Ortwin, ka taɓa shafa yatsa a tagar ɗakin lambunka ka ga abin da ke fitowa?"

"Ƙura ce. A gidanki zinariya ke sauka?"

"Dalma ce, tsohon banza. Ita kake ci, ita kake ɗura wa jikarka."

Ya daki ƙirji. "Dube ni. Shekara saba'in da ɗoriya, na taɓa kwana a asibiti? Ke da kike cin ganyen da aka naɗe a leda, ga ki nan kamar sandar shanya."

Hiltrud ta tura masa faranti ta ce, "Ci kek, ka bar yarinya." Yarinyar kuwa ta haura sittin.

Jiha tana da na'urar auna iska guda a Marntal, an kafa ta can kan tudu bayan coci, kuma shekara da shekaru tana shaida cewa iskar garin lafiya lau take. Irmela ta ce ai dole, tunda iska ba ta kaɗawa ta can, ko mushe aka ƙona a masana'antar na'urar ba za ta ji ba. Ta rubuta koke, ta tara sa hannu, ta hana ma'aikatar muhalli sakat, har dai aka turo wani siririn jami'i, Dokta Lindhorst, ya zo ya saurari jama'a a zauren wasanni na makaranta.

Zauren ya cika. Ma'aikata da tsofaffin ma'aikata suka zauna a hagu, mutanen Irmela a dama. Manajan masana'antar, Herr Brockmeier, wato Malam Brockmeier, yana layin gaba ya harɗe ƙafa yana murmushi, don ya san lissafi yana gefensa. Irmela ta miƙe ta yi magana mai tsawo, a ƙarshe ta ce, "Abin da ake nomawa a gindin katangar nan ba abinci ba ne, guba ce mai ganye."

Nan Ortwin ya ji kamar an zagi uwarsa. Ya miƙe, kujerarsa ta faɗi baya.

"Herr Dokta! Kuna da wata na'urar ko ba ku da ita? To ku kawo. Ku dasa ta a lambuna, a tsakiyar kabejina, ta shaƙa har ta ƙoshi. In ta gama sai wasu su zo su ba ni haƙuri a gaban jama'a."

Ɓangaren hagu ya kaure da tafi. Abin da Ortwin bai sani ba shi ne, Dokta Lindhorst ya daɗe yana neman ɗan fili kusa da katangar bai samu ba. Masana'anta ta ce filinta ya cika, majalisar gari ta ce za ta duba. Faɗuwa ta zo daidai da zama. Ya cire tabarau, ya ce cikin sanyin murya, "Herr Rautenberg, da gaske kake?"

"Ni na taɓa yin wasa?"

"To mun gode ƙwarai."

Da Ortwin ya juya don ya karɓi jinjinar manaja, sai ya tarar Herr Brockmeier ya sauke ƙafarsa, murmushin ya tafi, yana kallon silin. Ortwin ya ɗauka kunyar yabo ce.

Kafin bazara ta ƙare aka kawo na'urar. Wani farin akwati ne mai girman firij, da ɗan bututu a ka, yana gurnani dare da rana. Gefensa aka kafa sanda da tulun gilashi mai tarar ƙura. Ortwin ya sadaukar da kunya biyu na kabeji saboda ita. Yana goge ta da tsumma, yana datse ciyawar gindinta, in maƙwabta sun zo wucewa ya ce, "Ku gaisa da lauyata." Matar da ke zuwa canza rariyar na'urar takan koma da kabeji a leda, har ranar da ta fara cewa ta gode, tana da saura a gida. Bai kawo komai a ransa ba.

Bayan shekara Dokta Lindhorst ya zo da kansa. Ya ƙi zama, ya ƙi shan giyar da aka miƙo masa. Ya ce dalmar da ke iskar wurin ta haura iyakar da doka ta yarda, wadda ke sauka a ƙura kuwa ba a magana.

Ortwin ya ce, "Na'urar ta lalace."

"An gwada ta."

"To wanda ya gwada ta ne ya lalace."

"Herr Rautenberg, ba daga bututun hayaƙi ma akasarinta ke fitowa ba. Daga filin da ake fasa batura ne, da tayoyin manyan motoci. Filin nan a buɗe yake, ga shi can bayan katangarka."

Ortwin ya san filin. Ya san yadda ƙura ke tashi in katafila ta juye tulin batura, ya san ɗanɗanonta a harshe, wani zaƙi-zaƙi mara daɗi. Sai dai bai taɓa tunanin tana tsallake katanga ba. A ganinsa katanga katanga ce.

Tunda an haura iyaka, doka ta tilasta wa jiha ta tsara yadda za a gyara. Aka shiga taro bayan taro, da lauyoyi da injiniyoyi da 'yan majalisar gari, kowa da ruwan kwalba a gabansa. Kafin a gama, ofishin lafiya ya ba da shawarar a daina cin ganyen lambunan, a kuma kai yara ƙanana a ɗebi jininsu.

A mashayar da tsofaffin ma'aikata ke haɗuwa duk Alhamis, Ortwin ya shiga ya tarar an rataya kwat a kujerarsa. Eckhard, wanda suka yi rabin rayuwarsu tare a bakin tanderu, ya ce ba tare da ya ɗago ba, "Ga ɗan leƙen asirin gwamnati nan."

"Eckhard, ka haukace ne? Don in kare ku na yi!"

"To ka kare mu. Ɗana da surukina duk a can suke. In aka rufe, kabeji za ka ciyar da su?"

"Ai kai ka fi kowa tafi ran nan."

"Na tafa maka, ban ce ka kawo su ba."

Ya sha giyarsa a tsaye, ya fita. A hanya wata mata daga ƙungiyar Irmela ta tsayar da kekenta ta kama hannunsa biyu-biyu, ta ce garin nan ba zai manta da shi ba. Ya rasa wanne ya fi masa ciwo.

Duk wannan bai taɓa shi ba kamar zuwan 'yarsa Annegret. Ta zo da rana tsaka, ba ta cire kwat ba, ta tsaya a ƙofar kicin. 'Yarta Wiebke, mai shekara huɗu, ita ce ke kwana a ran Ortwin. Tun tana rarrafe yake kai ta lambu, ta tona ƙasa, ta cusa yatsu a baki, shi kuma yana cewa ƙasa magani ce.

Annegret ta ce, "Baba, sakamakon Wiebke ya fito. Ya yi sama. Likita ya ce ba abin kwantarwa ba ne, amma za a riƙa dubawa. Ya tambaye ni inda take wasa."

Ortwin ya buɗe baki. Kafin ya fara gardamar da ya saba, Annegret ta ci gaba.

"Ba za ta ƙara zuwa lambun ba. Abin da ke cikin firiza kuma na zubar."

"Duka?"

"Duka, Baba."

Bayan ta tafi ya daɗe a zaune yana kallon hannuwansa. Hiltrud ta ajiye masa kofi. Washegari ya tafi lambu ya tuge kabejin gaba ɗaya, kunya bayan kunya, ya cusa a buhunan shara. Ya zo zai zuba a ramin taki sai ya tuna da dalmar, ya tsaya. Ko takin ma bai cancanta ba. Da Irmela ta zo ranar Lahadi ya shirya wa gori, amma ta sha kofinta, ta yi hirar ciwon gwiwa, ta tafi. Ya ce wa Hiltrud, "Kin ga muguntar ƙanwarki? Ko ta ce ai na faɗa maka, in samu abin mayarwa."

Hiltrud ta matsa masa ya je a duba nasa jinin. Likita ya kalli takarda, ya kalle shi, ya tambaye shi game da hawan jini da ƙoda da rawar hannu, da ko yana yawan fushi ba dalili.

Ortwin ya daka tsawa, "Ni ban taɓa fushi ba dalili ba!"

Likitan ya rubuta wani abu.

Tsarin jiha ya fito da kaurinsa kamar bulo. Za a rufe filin fasa batura da gini mai zuƙe iskar ciki. Za a sa sababbin rariyoyi a bututun hayaƙi. Duk motar da za ta fita sai an wanke tayoyinta, titi kuma a riƙa share shi da ruwa. Ba za a rufe masana'anta ba. Ortwin ya karanta yana gyaɗa kai, har ya fara tunanin kai wa Eckhard ya manna masa a goshi. Sai ya kai shafukan ƙarshe, inda aka ce za a samar da sarari tsakanin masana'anta da jama'a: lambunan da ke gindin katanga za a tashe su, a kwashe ƙasar, a dasa itatuwa. Masu lambu za a ba su wani fili a hayin kogi.

Ya tara 'yan ƙungiya don su yi bore, amma rabinsu sun riga sun je sun ga sabon filin, sun ce akwai famfo a kowane lambu da wurin ajiye mota. Wani ma ya tashi ya gode masa.

Ana cikin haka aka kira shi babban birnin jiha, wai za a ba shi lambar yabo ta ɗan ƙasa mai kishin muhalli. Irmela ce ta tura sunansa. Ya rantse ba zai je ba, sannan ya canza shawara: zai je, ya hau dandamali, ya wanke su tas. Hiltrud ta goge masa kwat ɗin da ya sa a bikin Annegret, wanda yanzu ba ya rufuwa.

Ministar muhalli ta yi jawabi. Ta ce ga mutumin da ya yi rayuwarsa a masana'anta, amma da gaskiya ta kira shi bai ɓuya a bayan abokai ba, ya buɗe ƙofar lambunsa ga kimiyya alhali ya san abin da zai iya rasawa. Aka maƙala masa lambar, aka miƙa masa makirfo.

Ya ce, "Ni ban san komai ba. Na kawo na'urar nan ne don in kunyata ƙanwar matata."

Zaure ya fashe da dariya.

"Ba wasa nake ba. Da na san abin da za ta faɗa, da na watsa mata ruwa."

Dariya ta ƙaru, wasu har da share hawaye. Minista ta dafa kafaɗarsa ta ce irin wannan tawali'u ya yi ƙaranci a zamanin nan. Aka tashi tsaye ana tafi. Jaridar yankin ta buga hotonsa baki buɗe, ta kira shi gwarzo mai barkwanci.

Ranar da katafila ta shiga lambunan bai je ba. Ya ce yana da gyaran famfo a gida, ya kwance famfon da ba abin da ya same shi, ya wuni yana mayarwa.

Gini ya tashi a filin batura, fari sol, ya fi coci girma. Na'urar, wadda aka bari a inda take, ta fara ba da labari mai daɗi, kuma a shekara ta biyu lissafi ya sauka ƙasa da iyaka. Da sababbin kayan aikin, masana'anta ta sami izinin karɓar batura fiye da da, ta ɗebi ƙarin ma'aikata, har da jikan Eckhard. Wata rana Ortwin ya haɗu da Herr Brockmeier a layin gidan burodi. Manajan ya matse hannunsa ya ce, "Herr Rautenberg, shekara nawa ina roƙon manyanmu su yi ginin nan suna cewa sai baɗi. Kai ka sa aka yi." Ya gayyace shi bikin buɗewa, aka zaunar da shi tsakanin Dokta Lindhorst da Irmela. A mashaya kuwa kwat ɗin ya bar kujerarsa. Eckhard ya tura masa giya ya ce, "Ni dama na san ka san abin da kake yi."

"Ban sani ba."

"To, to. Ka ji shi da ɓoye-ɓoye."

Sabon filin yana hayin kogi, gab da babbar hanya, inda ƙarar motoci ba ta yankewa. An kawo ƙasa a tifa daga wani wuri, baƙa mai laushi, da shaidar cewa ba komai a cikinta. Ortwin ya ɗebi dunƙule ya shinshina ya ce lallai ba komai a cikinta. Ya shuka kabeji duk da haka. Ya fito bai wuce gwiwa ba. Lambun da ke manne da nasa kuma, da aka yi ƙuri'a, ya faɗa hannun Irmela, wadda ba ta taɓa riƙe fartanya ba sai a lokacin. Nata ya fi nasa tsawo. Ta ce wai a littafi ta karanta.

Jinin Wiebke ya yi ta sauka a hankali, kamar yadda likita ya ce zai yi. Ta shiga makaranta, tana karatu daidai da sa'o'inta, kodayake Annegret ba ta daina sa mata ido ba, kuma duk lokacin da yarinyar ta manta wani abu sai Ortwin ya tuna da ƙasar lambunsa. Wannan bai gaya wa kowa ba.

A hunturun da ya biyo, bayan an gwada ganyen an ce lafiya, Annegret ta yarda ta kawo ta walima. Aka yi a sabon ɗakin taron ƙungiya, tagogi rufe saboda ƙarar hanya. Ortwin ya dafa da kansa, ya zuba wa jikarsa da hannunsa, ya zauna yana kallonta. Wiebke ta ɗebi kaɗan a bakin cokali, ta tauna, ta yatsine fuska.

"Kaka, wannan kamar jiƙaƙƙen tsumma."

"Da kina ƙarama kina ci har ki nemi ƙari."

"Da ba ni da wayo." Ta ture ganyen gefe, ta cinye dankalin da naman, ta nemi na uwarta.

Ortwin ya kai loma bakinsa. Shi ma bai ji daɗinsa ba, amma ya gwammace ya mutu da ya faɗa. Ya ci faranti ɗaya da ƙyar, likita ya hana shi kitse da barasa, Hiltrud kuma tana gefe tana gadi. Irmela, wadda aka sani da tsakurar abinci, ta ci faranti na biyu, ta ci na uku, ta ce ashe yunwa ce noma ke sa wa mutum. Da aka zo naɗi ba a ko yi gardama ba.

A matsayinsa na shugaba, shi ne zai ɗora mata kambin. Ya ɗauko shi, ya tsaya a kanta, ya danna mata shi da ɗan ƙarfi fiye da yadda ake bukata.

Ta ce, "A hankali, suruki, kan sarauniya ne."

"Ya yi miki yawa."

"Zan cusa takarda."

Wiebke ta hau kujera tana tafi, sauran suka bi. Ortwin ya koma mazauninsa, ya jawo kofin ruwan tuffa da Hiltrud ta zuba masa, ya ɗaga shi kaɗan, ya shanye.